Tsarabar Makka Mai Magana

Ina ɗan shekara shida kakanmu ya dawo daga aikin Hajji. Cikin tsarabar da aka baje a tsakar gida akwai zamzam, dabino, carbi, darduma da hulunan yara. Amma abu biyu ne suka tsone min ido: wani agogon bango mai kiran salla da kansa, da wani ɗan gem na roba mai ruwan toka, wanda bulo ke gangarowa daga sama kana jera su, yana ta tsiwa da wani siririn kiɗa. Agogon aka rataye a ɗakin Alhaji. Gem ɗin kuwa mu jikoki muka yi ta dambe a kansa har batirinsa ya mutu.

Da azumi ya zo, a watan Nuwamba ana tsakiyar sanyi, sai agogon ya kusa jawo mana ramuwa. Ranar farko ya rangaɗa kiran Magariba, wani yayanmu har ya kai dabino baki, sai kakarmu ta daka masa tsawa: "Kai, ajiye! Ba ka ga rana a kan katanga ba?" Gaskiyarta. An mayar da agogon baya da awa biyu don ya dace da lokacin Najeriya, amma ba wanda ya san ana canza masa gari. A lissafinsa har yanzu a Makka yake. A ƙarshen Nuwamba kuwa, ko ka cire bambancin awa biyun nan, rana tana riga faɗuwa a Makka da kusan minti 20 kafin ta faɗi a Kano, domin Makka ta fi Kano nisa daga tsakiyar duniya, yininta na hunturu ya fi gajarta. Takardar bayanin da Larabci da Turanci take, an kuma yar da ita tare da kwali. Daga ranar aka kashe masa murya, ya zama agogo kurma.

Da aka ce mu kawo rubutu don wannan fitowa ta tunawa, na so in rubuta wani abu a kan bincikena na digiri na uku. Sai na ga gara in ba da tarihin wannan 'yar siririyar murya, domin kusan kowannenmu ya taso da ita, kuma yawancinmu ba mu taɓa tambayar wa ya sa ta a ciki ba.

Yadda lantarki ya shiga jakar alhazai

Kakannin kakanninmu da ƙafa suka zo Makka. Suna bi ta Borno, su ratsa ƙasar Chadi da Sudan, su haye Bahar Maliya daga Suwakin. Tafiyar takan ci shekaru, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna a Sudan, wasu kuma da suka iso ba su koma ba. Zuriyarsu ce ake gani a Makka da Madina da Jidda masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Mai tafiyar ƙasa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Tsarabarsa littafi ce, ko ɗan zamzam, ko addu'a.

Jirgin sama ne ya canza komai. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000. Daidai wannan lokaci ne kasuwannin Makka da Jidda suka cika da kayan Japan: rediyo, rakoda, agogon hannu. Alhaji ya fara dawowa da haƙorin Makka a baki da rediyo a hamata. Bayan Japan sai Taiwan da Sin suka karɓi kasuwar, kayan suka ƙara araha. Yau in ka zaga shagunan da ke kewaye da Harami za ka ga agogunan Al-Fajr da Al-Harameen jere, ga carbin yatsa mai ƙirga tasbihi, ga alƙalami mai karanta Alƙur'ani in ka ɗora shi a kan aya. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki. Ina ganin ga dubban gidajen Hausawa, kwamfuta ta farko da ta shiga gidan a jakar alhaji ta shigo, ba tare da kowa ya san kwamfuta ce ba.

Abin da ke cikin akwatin

In ka kwance irin wannan gem ko agogo, za ka tarar da abubuwa biyu da suka shafi labarinmu. Na farko wani baƙin ɗigo ne kamar kwalta a kan allon wayoyi, a ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take. Ita ce maikurokontirola: kwamfuta sukutum a kan ƙwaya ɗaya, da sashen lissafinta, da ma'ajiyarta, da ƙafafun da take kunna abubuwa da su. Injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments a Amurka, Gary Boone da Michael Cochran, su ake dangantawa da ƙirƙiro ta a 1971. A 1974 kamfanin ya fito da TMS1000 kasuwa. Wurin ajiye umarninta bayit 1,024 ne kacal, ko rubutun shafi ɗaya na wannan mujalla ba zai shiga ba.

Na biyu wani ɗan faifan tagulla ne kamar kwabo, an manna masa farin tangaran a tsakiya. Injiniyoyi suna ce masa baza, ni kuwa 'yar ƙara nake ce mata. Asalinta ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matsa wasu duwatsu masu ƙyalli, sai su fitar da lantarki. Shekara ɗaya bayan haka aka tabbatar da kishiyar hakan: in ka ba dutsen lantarki, sai ya ɗan motsa. To, ka ba shi wuta ka ɗauke, ka ba shi ka ɗauke, sau ɗaruruwa a sakan guda, sai faifan ya riƙa kaɗawa yana tura iska, kunne ya ji sauti. Wannan ɗabi'a dai ita ce ke ƙirga lokaci a agogon batir: akwai ɗan dutse a ciki mai kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Ka ga ke nan abin da ke riƙe wa agogo lokaci da abin da ke sa shi tsiwa in ka danna maɓalli, uwarsu ɗaya. Kiran sallar kansa daban ne, muryar ladan ce aka naɗa aka ajiye a ma'ajiya, tana fita ta ƙaramar lasifika.

Yadda gem ya koyi kiɗa

Masu ƙera gem na farko ba su da wurin ajiye murya naɗaɗɗiya, don haka dole su ƙirƙiri sauti daga kunnawa da kashewa. A 1972, da Allan Alcorn yake haɗa Pong a kamfanin Atari, aka nemi ya sa masa shewar 'yan kallo. Ba shi da kayan yin haka, sai ya laluba cikin wayoyin da ke sarrafa hoton ya tsinto wasu kaɗawa da kunne zai iya ji, ya jona su da lasifika. A 1978 Space Invaders na Tomohiro Nishikado ya zo da sauti huɗu masu maimaituwa, suna ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa, har mai wasa ya ji gabansa na faɗuwa. A shekarar ce kuma aka fito da Simon, wasan Ralph Baer da Howard Morrison mai maɓallai huɗu da sauti huɗu, wanda TMS1000 ɗin nan ce ke tafiyar da shi.

A 1985 Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. Na'urar Nintendo tana da hanyoyin sauti biyar kawai, kuma gem ɗin gaba ɗaya, da hotuna da kiɗa da dukkan matakansa, kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya da ka tura wa Hajiyarka a WhatsApp ya fi shi nauyi. Amma har gobe in aka kaɗa farkonsa, ɗan Fagge da ɗan Tokyo duk za su gane.

Wasan bulon da kakanmu ya kawo kuwa kwaikwayon Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Kiɗan da duniya ta san Tetris da shi ya yaɗu ne ta Game Boy a 1989, amma tsohuwar waƙar gargajiyar Rasha ce mai suna Korobeiniki, wadda aka ɗora a kan waƙar da Nikolai Nekrasov ya wallafa a 1861. Ma'anar sunan ita ce 'yan koli, masu yawo da kaya gari-gari. Ranar da na gano haka sai da na yi dariya ni kaɗai. Waƙar 'yan kolin Rasha ta bi ta Japan, ta shiga masana'antun Sin, kuma 'yan kolinmu na yau, masu saro kaya daga Makka da Dubai, su suka ƙarasa da ire-irenta Kantin Kwari da Sabon Gari.

Akwai wani babi da ya kamata mu da ke karatu a ƙasashen Larabawa mu sani. A 1982 wani ɗan Kuwait, Muhammad al-Sharikh, ya fara aikin Sakhr a ƙarƙashin kamfaninsa Al-Alamiyya. Sun ɗauki kwamfutocin MSX na Japan, tsarin da aka ƙaddamar a 1983, suka sa musu Larabci, suka rubuta musu manhajojin koyarwa har da ta Alƙur'ani. Kwamfutar Sakhr ta shiga gidaje da yawa a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin. Tana da ƙwayar sauti mai murya uku, kuma a harshen BASIC da ke cikinta akwai umarnin PLAY: yaro ya rubuta haruffa, na'ura ta mayar da su kiɗa. In ka zauna da injiniyoyin nan da suka haura shekara arba'in, da wuya ka rasa wanda zai ce maka a kan Sakhr ya rubuta layinsa na farko. Bayan mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a 1990 aikin ya koma Alƙahira, al-Sharikh kuma ya rasu a 2024. Abin lura a nan, su ma ba su ƙera ƙarfen ba, daga Japan yake zuwa. Abin da suka yi shi ne suka buɗe shi suka koya masa harshensu.

Mu namu damar ta zo ne da wayar salula. GSM ya shigo Najeriya a watan Agusta na 2001, Nokia 3310 ta cika gari, kuma a cikinta akwai wurin da mutum zai tsara kiɗan kiransa da kansa, sauti ɗaya bayan ɗaya. Na tuna yayyenmu suna kwafar lambobin a bayan littafin makaranta, wannan na waƙar fim ɗin Hausa, wancan na Indiya. Wanda ya iya haɗa sabo da kunnensa, ranar shi ne sarki a majalisa. Ba su san cewa shirya manhaja suke yi ba, ba kuma wanda ya gaya musu. Da wayoyi masu ɗaukar waƙa sukutum suka zo, sana'ar ta mutu.

Daren da ta yi magana

Na yi shekara biyar ina karatun injiniya a gida. Mun yi darasin Intel 8085, ƙwaƙwalwar da ta fito a 1976, mun haddace ƙafafunta arba'in, mun zana ta a jarrabawa, na ma ci da maki mai kyau. Wallahi ban taɓa riƙe ta a hannu ba. Akwatin gwajin yana kulle a kabad, ana jiran mai makulli. Ba na faɗin haka don in ci mutuncin malamanmu, sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da aka ba su. Amma na fito da takardar shaida ban taɓa sa wani abu ya yi ƙara da umarnina ba.

A nan Makka na biya wannan bashi. Akwai wani gidan Hausawa a wajen Shara Mansur da nake zuwa shan ruwa da azumi. Kakansu da ƙafa ya zo, jikokin kuwa Larabcinsu ya fi Hausarsu ƙarfi. Wata rana ƙaramin cikinsu, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya kawo min carbin yatsa da ya farfasa, ya ce: "Kawu, ina mutumin da ke ƙirgawa a ciki?" Na yi masa alkawarin zan nuna masa. Na sayi allon Arduino Uno da 'yar ƙara da wayoyi, duka kuɗin bai kai na cin abinci sau uku a gidan abinci ba.

Shi ma Arduino aikin ɗalibai ne, kuma wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. Ƙwaƙwalwar da ke kansa 'yar gidan AVR ce, wadda ɗalibai biyu a Trondheim ta ƙasar Nowe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara, kamfanin Atmel ya fitar a 1997. Allon kansa an fara shi a 2005 a wata makarantar zane a garin Ivrea na Italiya, an gina shi a kan Wiring, aikin digiri na biyu na wani ɗalibi ɗan Kolambiya, Hernando Barragán, wanda shi ma baƙo ne a ƙasar da yake karatu. Kamar mu.

Daren farko kunya na sha. Duk umarnin da na rubuta, ƙara ɗaya ce ke fita kamar kukan gyare. Yaran suka yi ta dariya. Ashe 'yar ƙara iri biyu ce: akwai mai kaɗa kanta da zarar ta samu wuta, sautinta ɗaya har abada, akwai kuma wadda ba ta motsi sai yadda ka kaɗa ta. Ta farkon na sayo. Washegari na canzo.

Lissafin ba shi da wuya. Sautin da mawaƙa ke daidaita kayansu da shi kaɗawa 440 ne a sakan. Wato ƙafar ƙwaƙwalwar za ta kunna ta kashe, jimilla sau 880 tana juyawa. Ita kuwa tana bugawa sau miliyan 16 a sakan. Raba 16,000,000 da 880, ka samu kusan 18,182. Saboda haka aikinta shi ne ta ƙirga 18,182, ta juya ƙafar, ta sake ƙirgawa. In ka ninka kaɗawar zuwa 880, sautin nan ne dai amma da siririyar murya. Tsakanin biyun akwai matakai goma sha biyu, kowane mataki ana ninka na baya da kusan 1.059. A Arduino akwai umarnin tone da ke yi maka wannan ƙirga, kai dai ka ba shi lambar ƙafa, da yawan kaɗawa, da tsawon lokaci. Waƙa kuwa jeri biyu ce ta lambobi: wane sauti, na tsawon wane lokaci. In ana bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne. Sirrin da ya ɗauke mu awa guda kafin mu gano shi ne a bar ɗan shiru tsakanin sauti da sauti, in ba haka ba sautuka biyu masu kama da juna sai su manne su zama ɗaya. Da muka gyara wannan, sai waƙar 'yan kolin Rasha ta fito tsaf. Yaron ya dafe kai, ya ruga ya kira mahaifiyarsa.

Na san cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa, kuma ina girmama hakan. Maigidan ma sai da ya ɗan ɓata fuska. Amma dabarar nan ita ce dai ke cikin na'urar da ke sa ido a kan bugun zuciyar majiyyaci a asibiti, da mai gargaɗin hayaƙi, da injin wanki. Waƙar gem hanya ce kawai ta gane ko ka yi daidai, domin kunne ba ya karɓar cin hanci: in ka kuskure lamba ɗaya, ko yaro zai ji.

Abin da ya sauko da maigidan shi ne gwajin da muka yi daga baya. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu ke iya magana. Na ce wa yaran mu zaɓi sauti biyu kawai, na sama da na ƙasa, mu jera su yadda muryarmu ke hawa da sauka a "sannu da zuwa": ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Muka ja na ƙarshen ya ɗan yi tsawo. Muka kunna ba tare da mun faɗi abin da muka rubuta ba. Yaran da aka haifa a nan ba su gane ba. Kakarsu da ke zaune a kan darduma can gefe ta ɗago kai ta ce: "Yauwa, sannunku." Ta fi shekara hamsin rabonta da Katsina.

Abin da za mu kai gida

Daga rufin gidan ana hango agogon Makka, wanda aka fara gwada shi a azumin 2010. Faɗin fuskarsa mita 43 ne, hasumiyar kuma tsayinta mita 601. Duk girmansa, aikinsa na asali bai wuce na agogon kakanmu ba: ƙirga kaɗawa, a mayar da ita lokaci. Lissafin lokutan salla ma ba boyayye ba ne. A tsarin Ummul Ƙura, Asuba tana shiga in rana tana digiri 18.5 a ƙarƙashin sararin gabas, Isha kuma minti 90 bayan Magariba, a Ramadan minti 120. In ka san inda garinka yake a taswira da kwanan wata, sauran lissafi ne da ɗan aji biyu a jami'a zai iya rubutawa, kuma zai shiga cikin kilobayit 32 na Arduino har da ragowa. Babu abin da zai hana a haɗa agogon salla a Kano ko Maraɗi, wanda ya san Gumel da Tasawa da Kwantagora, yake rubutu da Hausa, a boko ko a ajami, takardar bayaninsa kuma kaka za ta iya sa jika ya karanta mata.

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu za mu koma gida da akwatuna biyu, kuma dangi suna jiran tsaraba. A sayi turaren da dabinon, ba laifi. Amma a bar ɗan wuri a gefen jaka don allo ɗaya, 'yar ƙara ɗaya, irin wadda ba ta kaɗa kanta, da wayoyi kaɗan. A zauna da ƙanne ko ɗalibai yini guda har ta yi magana, sannan a bar musu ita, kada a kulle a kabad.

Agogon kakanmu yana nan a ɗakinsa, shi kuwa Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da sauran magabatanmu. A hutun bara na sauko da shi, na share ƙura, na sa sabon batir, na danna maɓallin gefe na riƙe. Sai jerin garuruwa ya bayyana. Kano tana ciki tun ranar da aka sayo shi.